Gashina a Jakar Lopeti

Wata a cikinku ta turo min saƙo ta ce, "Kalo, wai ke dutse ne a ƙirjinki?" Ban ji haushi ba, 'yar'uwa. Da ma zan iya jin haushin, ai da na gode miki. Tun ranar da Baba ya rasu ban yi kuka ba. Ban yi a asibiti ba, ban yi a coci ba, ban yi a bakin kabari ba. Abinci ina ci, aiki ina zuwa, in an yi abin dariya ina buɗe baki yadda kowa ya buɗe. Amma ciki shiru, kamar gidan da aka kwashe kaya aka tashi.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Kalolaine, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a gidan kula da tsofaffi nan unguwarmu ta Mangere. Mu 'yan tsibiran Tonga ne, duk da ni a Auckland aka haife ni. Asabar ɗin da zan ba ku labarinta, saura kwana takwas a cika shekara da rasuwar Baba, ranar da zan tuɓe baƙaƙen kaya.

Ƙarfe bakwai na safe wayata ta yi motsi a ƙarƙashin matashi.

"Kin tashi? Jirgin ruwan tara da kwata ne. Ki sa takalmi mai rufi, don Allah."

Na rubuta, "To."

"Ki gaya wa Gwaggo ita ma. Dutsen can ba ya wasa da silifas."

"To."

Lopeti ke nan. Mai walda ne, mawaƙin cocinmu, dogo, ga kafaɗa, ga ƙarancin magana. Wata biyu kafin Baba ya kwanta ya fara nuna yana sona, sai mutuwa ta rufe ƙofar. Ba a zancen aure da yarinyar da ke cikin baƙi. Shekara guda cur bawan Allahn nan yana zuwa duk Asabar ya yanke mana ciyawar tsakar gida, ya sha ruwa a tsaye, ya gaida Mama, ya tafi. Yanzu an yi masa tayin aiki a Perth, can wata ƙasa. In na ce e, zai ƙi aikin ya zauna, don ya san ba zan bar Mama ita kaɗai ba. In na ce a'a, ranar Alhamis zai hau jirgin sama. Mutumin da ya nemo masa aikin ya ba shi zuwa yammacin Asabar ɗin ya kira shi.

Na sa doguwar rigata baƙa, wadda wuyanta ya fara kodewa saboda wanki. Na naɗa tabarmar makoki a ƙugu yadda al'adarmu take, na ɗaure da baƙar igiyar leda irin ta shanya. Na tsaya gaban madubi na shafa kaina. Gashin ya tofo har ya rufe kunne, a da kuwa har gadon bayana yake kaiwa.

Ranar kwana goma da binne Baba aka yanke shi. Na zauna a ƙasa a falo, Gwaggo Luseane tana kan kujera da almakashi. Ita ce yayar Baba, kuma a danginmu in ta yi magana an gama. Ko Baba da furfurarsa ba ya zama sama da ita. Sau huɗu almakashin ya ci, ta naɗe gashin a farin ƙyalle ta sa a jakarta. Mata suna ta rusa kuka a bayana. Ni abin da na lura da shi kawai shi ne iska na taɓa min ƙeya.

Ina cikin wannan sai na ji hon a waje, na ji muryarta tun daga ƙofa.

"Ina amaryar? Ko har yanzu gawar ba ta tashi ba?"

Mama ta ce, "Haba Yaya, da sassafe?"

"To ƙarya na yi? Yarinya tana yawo a gida kamar an zare mata batir."

Na fito na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa, ni ma na saci kallon ƙafarta. Silifas ne, jajaye, masu fure a sama, waɗanda take zuwa taron mata da su.

"Gwaggo, ya ce a sa takalmi mai rufi."

"Shi ya haife ni? Ni da na yi yarinta a kan duwatsun murjani na bakin teku ba takalmi, ɗan tudun nan ne zai gagare ni?" Ta ja tsaki ta nuna ni da baki. "Ke dai ki buɗe kunne. Yaron nan ya yi haƙurin da ko ubanki bai yi wa uwarki ba. Yau za ki ba shi amsa, kuma amsa ɗaya na sani."

Mama tana jikin murhu tana juya rogo, ba ta ɗago ba. Sai da na zo wucewa ta kama hannuna ta matse, ta ce a hankali, "Kada ki duba ni, Kalo. Ki duba kanki." Na ce to. A raina na ce, ai na duba, Mama, ba kowa a ciki.

Ni na zaɓi Rangitoto, tsibirin nan na tsohon dutse mai aman wuta da ke ƙetaren ruwa. Da ya tambaye ni inda nake so mu je mu yi magana, na lissafa wurin da ba za mu ci karo da 'yan cocinmu ba, sai tsibirin kaɗai ya rage. Shekara talatin Baba yana tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, dutsen nan yana gabansa safe da yamma, bai taɓa taka shi ba. In an yi zancen sai ya ce, "Me zan je yi a kan toka?"

A bakin gadar jirgi muka tarar da layi. Turawa da jakunkunan goyo da huluna, kowa da gorar ruwa. Mu kuwa Gwaggo ta taho da kwando guda, Lopeti yana rungume da shi kamar jariri: ƙunshin ganyen gwaza da naman gwangwani da madarar kwakwa har goma sha biyu, dafaffiyar doya, rogo, an rufe da ganyen ayaba an ɗora tawul. Mu uku ne fa.

Wata ma'aikaciya mai koriyar riga tana bin layin da ɗan ƙaramin kare. Karen yana zuwa kanmu ya zauna daɓas a gaban kwandon, yana kaɗa wutsiya.

Matar ta yi murmushi. "Mama, yi haƙuri, wannan ba zai hau ba. Sai abincin da ke cikin roba mai murfi."

Gwaggo ta ce, "Saboda me?"

"Saboda ɓera da tururuwa da irin ciyawa. An sha wuya kafin a raba tsibirin da su."

"Ɓera? A kwandona?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Yarinya, kin san ƙarfe nawa na tashi na haɗa wutar nan? Lopeti, gaya mata ko ni wace ce."

Lopeti ya sosa ƙeya. "Gwaggo, doka ce."

"Kai ma ka bi bayansu ke nan. To ba a mayar da abincina gida, ban taɓa ba." Ta yaye tawul ɗin ta juya ga layi. "Kai mai jan gemu, zo nan. Ke ma siririyar nan, karɓi biyu, iska za ta ɗauke ki a can sama."

Cikin minti biyar Turawa suna tsaye suna lasar yatsa, ma'aikaciyar ma an danƙa mata nata tana ta godiya. Kowa yana dariya. Na duba fuskokinsu, na ga lokacin dariya ne, na yi.

Sai karen ya bar kwandon ya koma jakar Lopeti, ya sake zama.

"Ɗan buɗe min, Malam."

Lopeti ya sauke ta daga kafaɗa. Ya zuge jakar a hankali. Gorar ruwa biyu, hula, sai wani ƙunshi a farin ƙyalle. Ƙyallen na fara ganewa. Matar ta warware shi a tafin hannunta, sai ga igiya a naɗe, baƙa wuluk, siririya kamar ɗan yatsa, an tufka ta da kyau tana sheƙin man kwakwa.

"Wannan fa? Zaren bishiya ne?"

Sai Gwaggo ta goge hannu a tawul ta ce, "Gashi ne. Na 'yar ƙanina. Ba ɓera a ciki."

Matar ta dubi igiyar, ta dubi guntun gashin kaina, ta dubi baƙar rigata. Ta naɗe ƙyallen da hannu biyu ta miƙa masa, ta ce, "Ku yi haƙuri."

A gidanmu, igiyar gashin yarinya angonta ne ke ɗaure tabarmarsa da ita ranar aure. Ke nan tun ban buɗe baki ba, Gwaggo ta riga ta ba da ni. Jama'a, na san abin da ya kamata in ji. Ya kamata raina ya ɓaci, in juya in tari mota in koma gida. Na tsaya ina jiran ɓacin ran ya zo, kamar mai jiran bas. Bai zo ba. Aka ce a goge ƙasan takalmi a kan burushi, na goge, na hau jirgi.

A ciki Gwaggo ta zauna a tsakiyarmu, ta ɗora jakarta a cinya. Wayata ta yi motsi.

"Ba ni na roƙa ba."

Na leƙa ta bayan Gwaggo. Idonsa na kan ruwa, waya a tsakanin gwiwoyinsa.

"To."

"Daren jiya ta kawo min har gida. Zan yi miki bayani a sama."

"To."

"Kalo, ko zagina ne ki yi mana."

Na daɗe ina kallon saƙon. Na rubuta, "Ba ni da shi." Gwaggo ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Duk wanda ke latsa waya a gefena, Allah na ganinsa." Muka kife wayoyin.

Da muka sauka, zafi ne ya fara yi mana sannu da zuwa. Baƙin dutse ko'ina, tsagagge, mai kaifi, sak kashin maƙera, ya sha rana yana mayar da ita ta ƙasa. A tsakaninsa bishiyoyi sun yi ja da furen da suke yi lokacin Kirsimeti. Ba shago, ba famfo, sai allo da ke cewa jirgin ƙarshe ƙarfe uku da rabi ne. Baƙar rigata ta manne min a baya tun ba mu yi nisa ba.

Gwaggo ta shige gaba tana waƙar coci, wai ta nuna mana. Ba mu yi rabin awa ba waƙar ta koma nishi. Can sai na ji "Wayyo Yesu!" Silifas ɗin dama ya tsinke, na hagu kuma dutse ya yanka tafinsa gida biyu.

"Ɗan tudu ko, Gwaggo?" in ji Lopeti.

"Rufe min baki, mara kunya. Dutsen ƙasarmu yana da ladabi, wannan kuwa ba a yi masa tarbiyya ba."

Ya durƙusa, ya kwance takalmansa, ya zura mata ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure. Ya ɗauki jajayen silifas ɗin, ya ɗaure na daman da zaren hularsa, ya tura ƙafarsa ciki. Rabin diddigensa a waje yake. Ƙato guda da fure a kan yatsa.

Gwaggo ta ce, "Kin gani ko? Kin ga irin mijin da ake faɗa?"

Na gani. Na ga yadda yake taka dutsen a karkace, na ga inda diddigen ya fara ja. Na ajiye shi a kaina yadda nake rubuta zafin jikin tsofaffi a takarda.

A wata 'yar inuwa mai benci, inda hanya ta fara miƙewa sama sosai, Gwaggo ta zube. Ta karɓi gora ɗaya ta sha rabi.

"Nan na tsaya. Ku hau, ina ganinku daga nan."

Ba abin da ake gani daga nan sai ganye.

"Lopeti, bar min wayarka, tawa na baro ta a mota. In na mutu in samu abin kiran mutane." Ya buɗe mata ita ya miƙa. Ta kama gefen tabarmata ta jawo ni, ta rage murya. "Ke kuma, ki sauko min da magana ɗaya."

Daga nan matakalar katako ce, hawa bayan hawa. Yana gaba ina baya, silifas ɗin na ƙara, fat, fat. Muka wuce bakin ramin da wutar ta fito a da. Na leƙa. Na ɗauka zan ga wani abin tsoro, ashe kwari ne kawai cike da bishiyoyi, tsuntsaye na kuka a ciki.

A can ƙoli akwai dandamali na katako. Birnin gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙetaren ruwa. Idona bai nemi komai ba sai tashar jiragen ruwa, ga ƙarafan ɗaga kaya tsaye a jere. Daga nan motar Baba ba za ta fi ƙwaro ba.

Muka samu gefe da ba mutane. Ya miƙo min gorar da ta rage, na sha, na mayar, ya rufe bai sha ba.

"To, ga ni," ya ce.

"Ga ka."

"Ba sai na yi dogon zance ba, Kalo. Kin san abin da ke raina tun kafin Baba ya kwanta. Bai canja ba."

Na dube shi sosai, don Allah ya sani na so in samu wani abu. Na dubi gumin goshinsa, da tabon walda a hannunsa, da idonsa da ya kasa tsayawa a kaina. Na lalubo cikina kaf.

"Lopeti, in na ce maka e, ƙarya na yi maka."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ba wani ne a raina ba. Ba kuma laifinka ba ne. Ni ce ba na jin komai. Ɗazu na ga gashina a jakarka, ko a jikina. Ƙafarka tana jini tun daga ƙasa, ina kallo, ko a jikina. Ranar da aka rufe Baba tunanin da nake yi shi ne ko an kashe tukunyar shinkafa. Haka za ka aura? Ka bar aikinka ka zauna da bango?"

"Zan iya jira."

"Ka jira shekara. Kada ka ƙara ko kwana ɗaya a kaina. Ka tafi Perth."

Ya dubi ruwa. Ya ce, "Wannan ce magana mafi tsawo da kika yi min tun bara." Ya ɗan yi dariya, ba ta kai ko'ina ba. Sai ya zuge jaka ya ciro farin ƙyallen.

"Gwaggo ta ce kada in bari ki riƙe shi sai kin amsa. Ta ce in kin ƙi, in mayar mata." Ya ɗora min a cinya. "Ni kuma tun jiya na kasa barci da shi a ɗakina. Naki ne. Da e da a'a, naki ne. Abin da na hawo da shi in yi ke nan."

"Za ta cinye ka ɗanye."

"Ta ci. Ai Alhamis na tafi." Ya miƙe ya ajiye gorar a gefena. "Bari in fara sauka, sai na lallaɓa ta kafin mu kai gada. In na karɓi wayata zan kira mutumin. Ki huta, amma kada ki wuce ƙarfe biyu."

Na ce, "To."

Ya juya. Fat, fat, fat, har na daina ji.

Na zauna. Wasu Turawa suka zo suka ɗauki hoto suka tafi. Don hannuna ya samu abin yi na warware ƙyallen, na fara jan igiyar tsakanin yatsuna. Aikin Gwaggo ne, ba shakka, tufka mai ƙarfi, ba sili ɗaya da ya fita. Ta yi tsawo ƙwarai. Ina ja, ina ja, sai wajen tsakiya na ga wani abu yana ratsa baƙin. Na ɗauka zare ne. Na ɗaga ta a rana.

Furfura ce. Fara fat, gajera, mai kauri, an murɗa ta cikin gashina kamar tsawon tafin hannu, sannan baƙin ya ci gaba.

Ba ni da furfura ko ɗaya. Mutum ɗaya na sani mai irin wannan, wanda kansa ya yi fari tun ina firamare, har abokan aikinsa suke ce masa Auduga.

Ku da ba 'yan wajenmu ba, ban san yadda za ku ji wannan ba. Ɗa ba ya taɓa kan ubansa. Tun ina rarrafe ake buge min hannu in na kai. A wurin aiki kuwa ba ranar da ba na wanke kan uban wani, in taje, in shafa mai, tsoho yana lumshe ido yana ce min 'yata. Da Baba ya kwanta a asibiti, gumi ya dunƙule masa gashi a goshi, yana ta ƙoƙarin turewa hannunsa ba ya kaiwa. Na tsaya a kansa da mataji a hannu. Ya dube ni, na dube shi. Sai na miƙa wa Gwaggo matajin, na koma wajen ƙafafunsa na tsaya. Washegari ya cika. Gwaggo ce ta zauna a wajen kansa har aka rufe akwati, don ita kaɗai ke da wannan ikon.

Ashe da almakashinta a jaka tun ranar.

Na ɗora babban yatsana a kan farin. Yana da ɗan kaushi, ya ɗumama da rana. Na shafa shi baya, yadda na so in ture masa shi daga goshi.

Abin bai zo kamar kuka ba da farko. Wani ciwo ne ya taso daga ƙasan haƙarƙarina, kamar ƙafar da ta daɗe a danne jini ya fara komawa. Na ce, "Baba." Muryar da ta fito ban san ta ba. Na ce, "Baba, gashinka ya shiga idonka." Daga nan ban san me na ƙara faɗa ba. Na kife a kan katakon nan, tabarma ta kwance, majina da hawaye, ina kuka irin na yaran da aka manta a kasuwa. Wata tsohuwar Baturiya ta dafa ni tana tambaya ko a kira taimako, na girgiza kai, na kasa ce mata shekara guda nake jiran wannan.

Da ya ɗan lafa na jawo gorar in sha. A jikin katakon, daidai inda ya tsaya, ga sawun diddige, ja. Ga wani a gabansa. Ga wani a bakin matakala.

Wallahi sai na ji shi a tafin ƙafata. Na ji kaifin dutsen, na ji ƙishin da ya haɗiye ya bar min ruwan, na ji Asabar hamsin na ƙarar injin yankan ciyawa a bayan tagata, ina kwance ina kallon silin. Ban ce muku so ne ba, ban san sunansa ba tukuna. Na dai san ba na so Alhamis ta zo.

Na duba agogo. Biyu saura minti biyar. Har sau uku ina kuskuren buɗe wayar.

"Lopeti, tsaya. Kada ka kira."

Sai da saƙon ya tafi na tuna a hannun wa wayar take. Alamar an karanta ta fito nan take. Aka fara rubutu, aka tsaya, aka sake farawa. Gwaggo da yatsa ɗaya take rubutu.

"Kin ga farin ke nan."

Na rubuta, "Na gani, Gwaggo."

"Na san sakaran ba zai iya riƙewa ba. Kin yi kukan?"

"Na yi."

"To madalla. Ga shi nan ya ɓullo, yana ɗingishi kamar tsohon doki. Ya ce kin ƙi. Ya miƙo hannu wai in ba shi wayarsa. Me zan ce masa?"

Tunda aka haife ni ban taɓa ba Gwaggo Luseane umarni ba. Ba wanda ya taɓa, har Baba. Kuma duk faɗin danginmu da cocinmu ba a haifi wanda zai ce mata ta tashi daga inda ta zauna ba.

Na kwance baƙar igiyar ledar na cusa a jaka. Na gyara tabarmata, na zagaya igiyar gashin a ƙuguna sau uku, na ɗaure, farin yana daidai ƙarƙashin hannuna. Sannan na rubuta:

"Ki zauna a kan wayar, Gwaggo. Ga ni nan."

Na tattare rigata na fara sauka da gudu, ina bin jan sawun nan hawa bayan hawa, ƙafafuna suna yi min ciwo.